Tan Shida

Aikina na dare ne, a bakin hanyar Ndola,
ni da sikeli da fitila mai ƙifta ido.
Motocin tagulla su hau ɗaya bayan ɗaya,
ƙarfe ya yi nishi, lamba ta tsaya,
in rubuta abin da idona ya gani.
Tan talatin da huɗu.
Takardar direba ta ce ashirin da takwas.
Ina shidan? Sai ya ɗaga kafaɗa:
"'Yar'uwa, tuƙi aka ɗauke ni, ba lissafi ba."

Na kai wa Mista Sikazwe maganar.
Ya cire tabarau, ya hura, ya goge da gefen riga,
ya ce, "Nsofwa, sikelin nan ya tsufa,
sanyin Yuni kan rikita shi."
To, na ji ya tsufa.
Amma wane irin tsufa ne mai iya ƙidaya,
kullum shida, bai taɓa tuntuɓe ya ce biyar ba?

Kabaso da ke kujerar nan kafin ni
ya yi tambaya da babbar murya.
Yanzu yana can bakin iyaka yana awon sauro.
Don haka na sayi littafi mai layi,
kwaca biyar a shagon Bana Mulenga,
na ɓoye shi ƙarƙashin kwanon nshima.
Baki ya yi shiru, biro bai yi ba.

Ranar karanta kasafi muka taru a gaban talabijin.
Aka ɗaga jakar, tana walƙiya,
ita ma da tagulla aka ƙera ta.
Aka jero biliyoyi har tuwo ya huce.
Aka ce akwai giɓi,
aka ce kowa ya ƙara ɗaure ciki.
Mahaifiyata ta dubi nata cikin, ta yi dariya:
"Da me? Igiyar ma ta ƙare."

Giɓin nan ai na san shi.
Kowane dare yana bi ta gabana
a kan tayoyi ashirin da biyu,
har ham yake yi mini in ya wuce.

Washegari na raka ta asibiti karɓar maganin hawan jini.
Kanta wayam, sai ƙura da kalanda.
Nas ta rubuta sunan ƙwayar a bayan tsohon rasit
ta ce mu gwada kemis.
Rijiya ta bayar, guga ya hana,
mu kuwa muna tsaye da tulu
ana yi mana bayanin fari.

A ƙofar ofishin gunduma an manna kasafin bana.
Shafi guda. Ruwan sama ya wanke rabinsa,
rabin da ya rage ya ce: "Sauran ayyuka."
Na tambayi mai gadi ina sauran shafukan,
ya ce mai makullin ya tafi taro.

Ran Lahadi Lubuto ta gano littafin.
Shekararta goma sha ɗaya,
su tamanin ne a aji, uku ga benci, saura a ƙasa,
amma ba a kayar da ita a tarawa.
Ta kwanta rub da ciki a tabarma,
tana lasar fensir, tana ɗauke ɗaya ta kai gaba,
har kaji suka shiga akurki.
Sai ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsa
ta ce, "Mama, wannan duka na waye?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba.
Ƙaryar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

"Naki ne," na ce. "Tashi ki wanke hannu."

Yau na sayo littafi na biyu.
Ita ke kwafa, rubutunta ya fi nawa kyau.
Ban san wa zan miƙa wa ba tukuna,
ban san ko sauron bakin iyaka na jira na ba.
Ƙarfe tara ta yi. Ga fitilun mota ta farko can,
tana rage gudu.